Ranar da Bbosa Ya Sa Sunana a Fim

Shekara shida ina sharhin finafinai a rediyo a Kampala, duk Asabar da hantsi, kuma ban taɓa shakkar abin da idona ya gani ba. In na ce fim ya yi kyau, to ya yi. In na ce shirme ne, mai fim ya bugo waya ya yi ta kumfar baki, ni ko a jikina. Ni ce Prossy Nabatanzi, kowa ya san bakina ba ya da linzami.

Mutum ɗaya ce bakin nawa ya kasa, Maama, mahaifiyata. Tana garin Mityana, wata uku ke nan rabonta da maganin hawan jini. Wani Fasto Elifazi ya buɗe coci a bayan kasuwa, ya ce musu duk wanda ya haɗiyi ƙwaya ya gaya wa Allah ke nan bai yarda da shi ba. Ruwan addu'a yake ba su a jarka. Ƙafafun Maama sun kumbura har takalmi ya daina shiga, likita kuma ya gaya min in aka ci gaba a haka, ɓarin jikinta zai iya shanyewa kowace rana. Na yi faɗa a waya, na yi lallashi, na yi kuka. Sau uku ina ba direban motar haya magani ya kai mata, tana karɓa ta ɗora a kan kabad.

Ana cikin haka aka kawo min wani fim daga Zambiya. Labarin wani mai wa'azi ne da ya hana mabiyansa asibiti, da wata tsohuwa da ta bi shi ido rufe, da 'yarta lauya a babban birni wadda take neman shiga sahun manya. A ƙarshe tsohuwar ta mutu. Na kalla sau biyu, na yabe shi a rediyo iya yabo. Na ce ga yadda tsattsauran ra'ayi ke kashe mutane, na ce lauyar nan ita kaɗai ce mai hankali a fim ɗin, ita ce jarumar. Ina cire abin sauraro daga kunnena dabara ta faɗo min: Maama ta kalli wannan fim, ta ga kanta.

Matsalar ita ce Turanci. Maama Luganda kawai take ji, kuma duk fim ɗin da ta taɓa kalla a rayuwarta da muryar vije ta kalle shi, mutanen nan da ke magana a kan fim suna fassarawa suna ƙara gishiri. Na sha zaginsu a rediyo. Amma na haɗiye girman kaina na hau boda, wato acaɓa, har unguwar Katwe, shagon Bbosa, wanda tsofaffi suka fi so.

"A'a! Madam Prossy ta rediyo!" in ji shi, ya miƙe yana tafa hannu. "Ke ce kika ce mu mahauta ne, muna yanka fim muna sayar da kayan ciki?"

"Ssebo, ranka ya daɗe, a bar tone-tone. Fassara nake so, don mahaifiyata. Ban da ƙari."

"Fassara zalla? Ai sai ki kai wa malamin makaranta. Tsohuwa za ta yi barci kafin a gama rubutun farkon fim."

"Bbosa, ka ji abin da na ce."

"Na ji, Madam. Zan girmama ki."

Ban tsaya tambayar ma'anar wannan girmamawa ba. Ban kuma saurari aikin kafin in tafi da shi ba, don makon nan ina ta zarya tsakanin ofisoshin wani gidan talabijin da nake so su ɗauke ni.

Ranar Lahadi da azahar na isa Mityana. Na durƙusa na gaida Maama, na saci kallon kumburarrun ƙafafunta. Ashe ta gayyato 'yan kallo. Ga Senga Robina, ƙanwar babana, wadda ba ta taɓa ganin abu ta yi shiru ba, ga wasu mata biyu na cocin Elifazi da farin kallabi, Nakku da ƙawarta. Na ce a raina, ya ma fi, su ma su sha nasu rabon. Muka ci matooke, dafaffiyar ayaba, da miyar gyaɗa, na kunna fim.

Muryar Bbosa ta cika ɗakin. Ya gaida mutanen Mityana, ya gaida masu sayar da gawayi, ya tallata shagonsa. Sai ga lauyar ta fito daga wata baƙar mota da dogon takalmi.

"Jama'a, ga Prossy nan ta iso!"

Cokali ya faɗi daga hannuna. Senga ta fashe da dariya har tana dukan cinya. Na san vije suna sa wa 'yan fim sunayen gida, kowa ya sani, amma ban taɓa tunanin abin zai zo kaina ba. Daga nan har ƙarshe lauya ta zama Prossy, tsohuwar kuma Maama Prossy.

Gaskiya Bbosa bai raga wa mai wa'azin ba. "Ku dubi takalmin bawan Allah," in ji shi, "kuɗin da kuke zubawa a coci ne yake takawa." Na waiwaya in ga fuskar su Nakku. Dariya suke yi, har da hawaye.

"Irin waɗannan fastocin ƙarya sun yi yawa," Nakku ta ce. "Allah dai ya bar mana namu."

"Amin," in ji ƙawarta.

Mutumin nan na fim ruwa yake rabawa a jarka, jarka shuɗiya irin wadda ke bayan ƙofar Maama, amma ba wadda ta ga haka sai ni.

Aka zo inda lauyar ta aika direbanta ƙauye da ledar magani. Direba ya durƙusa gaban tsohuwa ya miƙa.

"Maama Prossy, tashi ki rungume shi," in ji Bbosa. "Ga ɗan da kika yi naƙudarsa kwana biyu. Direba."

Ba wadda ta yi dariya a nan. Senga ta ce, "Hmm. Ashe har fim aka yi."

Raina ya ɓaci, na kasa kunne sosai ina bin Turancin da ke ƙarƙashin muryarsa don in kama shi da ƙarya. Ban kama shi ba. Inda lauyar ta ce wa likita kada maganar uwarta ta fita, tana neman kujerar alƙali, haka ta faɗa, haka ya fassara. Sau biyu na kalli fim ɗin nan. Ina nake lokacin da ta faɗi wannan? Sai wurin liyafar manya, wayarta na ƙara a kan tebur, sunan uwarta a jiki, ta kalla ta kife wayar ta ci gaba da dariya. A rediyo cewa na yi wannan wuri yana nuna irin nauyin da ke kan mace mai aiki. Bbosa kuwa, mutumin da ba ya barin ko tari ya wuce bai yi sharhi a kai ba, shiru ya yi. Muka zauna muna jin wayar tana ta ruri a kife har ta gaji.

Na rasa wane fim nake kallo. Hotunan su ne, maganganun su ne, amma kamar an musanya min shi a hanya. Ni da nake koya wa mutanen Kampala yadda ake kallo.

Tsohuwar ta mutu. Matan coci suka wanke ta, lauyar ta iso da baƙin gilashi bayan an gama. Maama tana share hawaye da bakin zaninta. Na ji ɗan ƙarfi ya dawo min.

"Maama, kin gani ko? Kin ga abin da ya kashe ta?"

"Kwananta ne ya ƙare," in ji Nakku.

"Wane kwana?" Senga ta ce. "Wayar nan ce ta kashe ta. Ni da na haifi irin wannan gara in haifi kabewa, ko miya na yi."

"Senga, ba ni ba ce fa! Sunan kawai ya sa!"

"Wa ya ce ke ce? Ke kika tsargu."

Maama ta dube ni. "Me kika ce a kan fim ɗin a rediyon naku?"

"Na ce... na ce 'yar ce mai hankali."

"To," in ji Maama.

Na fita bayan gida wajen ayaba, na kira Bbosa.

"Wa ya ce ka sa sunana?"

"Madam, lafiya? Mutane roƙona suke in sa sunansu ko a kan mai gadi ne. Ke kuwa da kunnena na ji ki ranar Asabar kin ce lauyar nan ce jarumar. Sai na ce to, wa ya fi cancanta? Na ba ki jarumar sukutum. Tsohuwa ba ta ji daɗi ba ne?"

Zagi ya cika min baki, amma na rasa ta inda zan fara, don ban ga inda ya yi ƙarya ba. Na kashe.

Da na koma su Nakku sun tafi, Senga tana wanke kwanuka a waje. La'asar ta yi, ɗan bodan da zai kai ni tasha ya iso yana jira a bakin hanya. Maama ta nuna kabad da haɓa.

"Sauko min da ledar can."

Na sauko da ita. Kwali uku, ko ɗaya ba a buɗe ba.

"Ruwan Fasto ba ya yi min komai," ta ce. "Ƙafata ce, ai na fi kowa sani."

Na zauna a ƙasa ban shirya ba. "Kin sani? To Maama, don me? Wata uku ina haukacewa!"

"Nakku ke kawo shi. Kullum da safe. Ta zuba min a kofi, ta zauna har in shanye, ta tambaye ni yadda na kwana. In na ce na koma ƙwaya, an cire ni daga cikinsu, ba mai sake taka ƙofar nan." Ta miƙo tafin hannunta. "Ba ni. Da hannunki."

Na ɓallo ƙwaya ɗaya, na sa mata. Na kawo ruwan tulu. Ta haɗiye, ta yamutsa fuska, ta miƙo min kofin. Daɗi ya kama ni, kunya ta kama ni, na rasa wanne zan fara ji.

A waje ɗan boda ya danna hon sau biyu. Jakata tana bakin ƙofa. Maama ta juya kwalin a hannunta, ta kai shi kusa da ido kamar mai iya karatu.

"Likita ya ce kullum da safe ne, ko?"

"E, Maama. Kullum."

"To gobe wa zai miƙo min?"