Hanyar Keken Ntate Khoabane

Tun da ɓarin jikin surukina Ntate Khoabane (Ntate shi ne Baba a harshenmu) ya shanye, duniyarsa ta koma tsakanin gado da bakin ƙofa. Gidansa na kan tudu, kamar kowane gida a ƙauyenmu na bayan Mokhotlong, titin mota kuma yana can ƙasa. In ranar asibiti ta zo, sai an nemo ƙarti su sauko da shi da kekensa na guragu. In ƙartin sun bi tumaki kan dutse, shi ke nan, ranar ta wuce.

Ɗansa Tankiso, mai aiki a Maseru, babban birninmu, ya zo hutun Ista ya yanke magana.

"Ntate, in hunturu ya shigo keken nan bai iya sauka titi ba, zan zo in tafi da kai. Ba zan zauna can ina jiran mugun labari a waya ba."

Tsohon ya daɗe yana kallon garkensa, sannan ya ja harshensa mai nauyi ya ce, "A Maserun wa zan gaisar da safe? Katanga?"

Ba wanda ya yi dariya. Duk ido ya dawo kaina, don ni magini ne, ni ne kuma mijin 'yarsa Lineo. Na ce zan yi masa hanyar siminti daga ƙofa har titi kafin sanyi ya kankama, wanda a ƙasarmu a watan Yuni yake farawa.

Siminti a duwatsunmu ba ya son wasa. Ruwa kaɗan ya samu mafaka a cikinsa, sanyi ya daskarar da shi, ya kumbura, sai ka tashi ka tarar da aikinka ya dare. Don haka na bi abin a hankali. Na kwashe baƙar ƙasar sama har na taɓo mai tauri. Na karkata hanyar ta yi gwiwa biyu don kada gangaren ya yi tsanani. Na yi ta jigilar tsakuwa daga kogi a kan jakuna, na shimfiɗa, na daddanne, na kafa katakai a gefe, ɓangare ɗaya ya ɗan fi ɗaya tudu yadda ruwa ba zai kwanta ba. Kullum tsohon yana bakin ƙofa cikin bargonsa yana yi mini sannu da hannunsa mai lafiya.

Zubi ba aikin mutum ɗaya ba ne, sai surukata Mme Malineo, wato Inna Malineo, ta kira gayya. Ta dafa giyar dawa, aka yanka tunkiya, ƙauye ya taru kaf.

Rigimar farko da maza na yi ta. Kwaɓin da na haɗa mai tauri ne, shebur ba ya shiga sai da nishi. Maƙwabcinmu Ntate Tlali, wanda bakinsa ya fi hannunsa aiki, ya dafa ƙugu.

"Kai Tefo, wannan kwaɓi ne ko tuwon da ya kwana? Ƙara ruwa mana! Ko kai kake biyan kogin?"

"Ntate, ruwan da ya sauƙaƙa maka yau, shi zai fasa hanyar a watan Yuli."

"Ji shi! Ya je birni ya koyo rowar ruwa."

Na zauna a kan durom ɗin ruwan, suka yi ta tsiya har suka gaji. Wannan yaƙin dai na ci shi. Muka zuba, muka baje da katako, na tsaga layi a kowane taki biyu don in simintin zai motsa ya motsa a nan. Da ya fara kamawa, na ɗauko tsintsiya mai kaushi na bi shi a karkace tun daga sama har ƙasa, ya fito da zane-zane yadda taya da takalmi za su sami abin kamawa. Ina yi ina jin mata na ƙus-ƙus a bayana.

Nkhono Mapuleng, wato Kaka Mapuleng, wadda tsufa ya ba ta lasisin faɗin komai, ta ce, "Yaron nan, kaji ne suka bi ta kai, ko haka aka gama?"

Aka kira maza cin abinci a bayan garke. Surukina ya sa aka ajiye kan tunkiyar a gabana, girmamawar da bai taɓa yi mini ba. Wanda aka yi wa haka ba ya tashi tsakiyar ci. Muna cikin ci na jiyo waƙar mata, irin wadda suke yi in suna daɓen ɗaki. Na ajiye naman na tashi.

Da na zagayo, sai ga su jere a gefe biyu na hanyar nan, a durƙushe, kowace da kwanon ruwa da dutsen goge daɓe. Suna yayyafa ruwa suna murzawa, suna yayyafawa suna murzawa. Sun riga sun wuce gwiwar farko. Zanen tsintsiyata ya ɓace, wurin sai sheƙi yake kamar bayan faranti. Surukata ce a gaba, ita ke ba da waƙar.

Tun da na auri Lineo ban taɓa haɗa ido da uwarta ba. Gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma kaina a ƙasa. Yanzu in tsaya a gaban matan gari in ce mata ta ɓata aiki? Na janyo matata gefe.

"Je ki ce su bari. Ruwan nan yana kashe fuskar simintin, kuma in raɓa ta daskare a kansa ko akuya ba za ta tsaya ba."

Lineo ta je ta durƙusa ta raɗa mata. Mme Malineo ba ta ko ɗago ba, ta dai ɗaga murya yadda zan ji.

"Gaya wa mijinki mun gode, ya yi na maza, saura na mata. Tun ba a haife shi ba nake daɓe. Ubanki ba jaki ba ne da za a bar masa hanya kamar bayan kada. Mutanen coci su zo su ce ba mata a gidan nan?"

Matan suka yi guɗa. Na koma wajen Ntate Tlali na roƙe shi ya sa baki.

"Ni? In shiga tsakanin mata da daɓe? Ɗana, ina da sauran shan ruwa a duniya."

Saura mutum ɗaya. Na tarar da surukina an dawo da shi bakin ƙofa, yana kallon matan nan, hawaye na bin kumatunsa. Na durƙusa na fara yi masa bayani, ya dafa kaina.

"Dubi gwiwoyin Nkhono Mapuleng a ƙasa, saboda ni. Bar su, Tefo."

Na bar su. Na tsaya riƙe da tsintsiya kamar wawa har suka kai titi. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba wanda zan yi fushi da shi, don duk ƙauna ce ta kawo su. Da suka watse wajen faɗuwar rana na sake gwada tsintsiyar, ta zame a kai ba ta bar ko alama ba. Muka rufe hanyar da ciyawa, matan suka kawo barguna daga gidajensu aka lulluɓe don kada sanyi ya taɓa ta tana ɗanya. Da aka buɗe, har daga wasu ƙauyuka an zo kallo.

Ranar asibiti ta farko a watan Yuni, muka tashi ƙanƙara ta rufe ƙasa fari fat. Na zuba toka a kan hanyar, na riƙe keken ta baya, Ntate Tlali ya tare ta gaba. Ba mu kai gwiwar farko ba takalmina ya tafi. Keken ya juya ya daki gefe, tsohon ya faɗa cikin ciyawa, goshinsa ya fashe. Bai yi ko ƙara ba, ya dai ce kada a gaya wa Tankiso.

Tsoro ya sa surukata ta shiga watsa gishiri a kan hanyar kowace safiya don ƙanƙarar ta narke. Na aika Lineo ta ce sabon siminti ba ya shiri da gishiri. Amsar da ta dawo ita ce, da gishiri da jinin mijinta wanne ya fi? Kafin wata ya ƙare fuskar hanyar ta fara ɓarewa kamar ƙanzon tukunya. Ramuka suka buɗe, ruwa ya kwanta a ciki ya daskare, inda bai ɓare ba kuma santsin na nan. Sabon zubi kuwa ba ya yiwuwa sai sanyi ya wuce, don a daren farko zai daskare.

Labari ba ya ɓuya a ƙauye. Tankiso ya iso da mota a watan Yuli, ya hau tudun ta cikin ciyawa, ya dubi tabon goshin ubansa, ya dubi hanyar.

Na ce, "Ka ba ni zuwa Satumba. Zan fasa in sake, ni kaɗai."

"Tefo, ban ce laifinka ba ne. Amma ka ba ni tabbacin zai kai Satumba ba magani?"

Ba ni da wannan tabbacin. Surukata na zaune a dokin ƙofa tana kallon tafin hannunta.

Mu huɗu muka ɗauke shi a cikin bargo, muka bi gefen hanyar, ta cikin ciyawar da muka saba bi tun da. Daidai garken ya ce mu tsaya. Ya kalli tumakinsa har hannuwanmu suka fara sagewa, sannan ya juyo da ido wajena.

"Hanya ce mai kyau, ɗana. Ran da za ku dawo da ni kwanciyar ƙarshe, ku biyo da ni ta kanta. Ran nan santsi ba zai dame ni ba."

Muka gyara riƙon bargon muka ci gaba da sauka.