Makullin Shagon Agogo

Agogo ya sake girgiza ƙwadon da ke ƙofar shagonsa, ko da yake ya san ba buɗewa zai yi ba. Makullin yana cikin jakar matarsa tun ranar da aka sallamo shi daga asibiti. Ta tsagar ƙofa yana hango zartonsa a rataye, da wani tebur mai ƙafa uku da ya bari bai ƙarasa ba.

Kafinta ne, bai taɓa gyara agogo ba a rayuwarsa. Sunan ya same shi ne bayan tiyata, da aka sa masa bawul na ƙarfe, wato ƙofar jini, a zuciya. In ɗaki ya yi tsit ana jin ƙirjinsa yana tik-tik, abokai kuwa ba su da tausayi, in sun haɗu da shi sai su tambaye shi ƙarfe nawa. Wannan bai dame shi ba. Abin da ya tsaya masa a rai ƙaramar ƙwayar nan ce ta tsinka jini da yake haɗiya kullum da yamma. Likitan da ya yi aikin ya ce ya kiyayi yanka, don jininsa ba zai tsaya da wuri ba. Matarsa ta ji wannan da kunnenta, ta dawo gida ta kulle shago, har wuƙar yanka lemo ta ɓoye.

"Maigida, kana ɓata wa ƙwadon nan lokaci," in ji ta daga bakin ƙofar gida.

"Yau zan je wani asibitin. In aka ce in daina maganin, ki shirya makullina."

"In aka ce ka ci gaba fa?"

"Sai in nemi wani likitan. Ba su ƙare ba."

Maƙwabcinsu ne ya kunna wutar, wani tsohon direba da shi ma aka canja masa bawul. Wata uku kacal ya sha maganin aka ce ya bari, ga shi nan garau, yana wanke motarsa yana fito. Kullum sai ya leƙo ya ce, "Kai har yanzu? Anya likitan nan naka bai manta da kai ba?" Tun Agogo yana dariya har abin ya fara ci masa rai. Jiya da yamma ya riƙe ƙwayar a baki, da matarsa ta juya ya tofar a bayan ƙofa.

A cikin bas ya zauna kusa da taga, ya rungume takardun asibitinsa. Ya yi ta shirya maganar da zai faɗa, kamar wanda za shi kotu. A asibitin ya bi layi, aka ɗebi jininsa, ya zauna a kan wani benci da ke rawa. Ya sunkuya ya duba ƙasansa, ya ga ƙusa aka buga inda ya kamata a haɗa da manne, ya yi tsaki.

Likitar mace ce mai furfura, tabarau a kan hanci. Kafin ya buɗe baki ta ɗaga yatsa, ta kashe fanka, ta karkata kai.

"Na ƙarfe ne," ta ce.

"Ai shi ya sa na zo. Maƙwabcina an yi masa irin aikina, wata uku ya daina magani. Ni kuma an ce har abada. Jininsa ya fi nawa daraja ne?"

"Shi ma ƙirjinsa yana ƙara?"

Agogo ya tuna zaman da suke yi kafaɗa da kafaɗa a kan dakali, bai taɓa jin komai daga ƙirjin direba ba sai tari.

"To nasa daga jikin dabba aka yi," ta ce. "Irin wannan sau da yawa ba ya buƙatar magani na dindindin, amma yana tsufa, wata rana a sake buɗe mutum. Naka ba ya tsufa, sai dai jini yana son daskarewa a jikin ƙarfe. Gudan jini ɗaya ya ɓalle ya hau kai, ɓarin jiki ya tafi. Yaushe rabonka da magani?"

"Shekaranjiya."

Ta cire tabarau ta dube shi, kallon da yayarsa ke yi masa suna yara. "Sakamakon jininka bai yi nisa da inda ake so ba tukuna, Allah ya rufa maka asiri. Kar ka sake. Ka sha na yau a kan lokacinsa, kar ka haɗa biyu, kuma ka dawo a sake gwadawa."

"Har yaushe zan sha?"

"Har ranar da ƙarar nan ta daina."

Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya fara tattara takardunsa. "To na gode. Zan gwada wani wurin."

"Gwada goma ma, haƙƙinka ne, amsa ɗaya za ka samu. Amma zauna tukuna. Ƙwaya ɗaya a rana ba ta sa mutum ya tsallaka gari cikin fushi haka. Me ta hana ka?"

Bai yi niyyar faɗa ba, maganar ce ta fito da kanta. Ya ce shagonsa a kulle yake. Ya ce hannunsa ya yi laushi kamar na jariri, 'ya'yansa ke ciyar da shi, kuma in ya wayi gari ba shi da abin yi sai sauraron ƙirjinsa. Ya ce an gyara masa zuciya an kashe masa hannu.

"Wa ya ce ka daina aiki?"

"An ce in kiyayi yanka."

"An ce ka kiyaya, ba a ce ka kwanta ba. Ka bar hawa rufin gida, ka bar zarton lantarki ga wasu. Ka sa safar hannu mai kauri. In ka yanke, ka danne da tsumma mai tsabta, ka ɗaga hannun sama, ka yi haƙuri. In ya ƙi tsayawa, ko ka bugi kai, ka taho asibiti ko da tsakar dare ne."

Da yamma ya isa gida. Matarsa tana tsakar gida tana ninke wanki, ta karanta fuskarsa tun daga nesa.

"An ce ka ci gaba ke nan."

Ya ɗauko ƙwayar, ya tsaya a gabanta ya haɗiye, ya buɗe baki ya nuna mata harshe kamar yaro. Sannan ya miƙa tafin hannu.

"Ba haka muka yi da kai ba," ta ce.

"Magani zan sha har in mutu. Aiki ma haka. In kin hana ni makulli, gudumar maƙwabci na nan."

Ta daɗe tana kallonsa, idanunta suka ciko. Tsoro take ji, ya sani, ita ce ta kwana a ƙofar ɗakin tiyata. Ta zazzage jaka ta ba shi, ta bi bayansa.

Ƙwadon ya yi tsatsa, da ƙyar ya buɗe. Warin katako ya tarye shi. Ya miƙa hannu zai sauko da zarto, kafin ma ya nemo safar hannu haƙorin zarton ya karce masa babban yatsa. Jini ya tsatso, ya gangaro zuwa wuyan hannu.

Matarsa ta ja numfashi. Shi kuwa ya zaro hankici, ya danne, ya ɗaga hannun sama da kai, ya zauna a gefen teburin mai ƙafa uku. Shagon ya yi tsit, ban da tik-tik ɗin ƙirjinsa.

"Bai tsaya ba," ta ce bayan wani lokaci.

"Zai tsaya."

Ta juya ta fita. Ya ɗauka wani ƙwadon ta je nema, ya fara shirya faɗa. Sai ga ta ta dawo da auduga da filasta da tsintsiya. Ta ɗaga hankicin ta duba, jinin ya tsaya. Ta naɗe yatsan tam, ta ajiye sauran audugar a kan kantar shagon kusa da gwangwanin ƙusa, inda hannunsa zai kai.

"Ɗaga ƙafarka," ta ce, ta fara shara.