Hoton Pak Sutikno

Larasati ta jera kwafi biyu na jawabin a allon kwamfutarta, nata a hagu, na abokin aikinta Yanuar a dama. Washegari kamfaninsu zai gabatar da tsarin magudanan ruwa ga masu gina wata sabuwar unguwa a gefen birnin Surabaya, kuma ita aka ɗora wa haɗa aikin wuri guda. Su uku suka fara shi. Na ukun, Pak Sutikno, tsohon injiniyan da ya zana komai, an binne shi makon jiya.

Shafukan farko ba su bambanta ba sai a launi. Da ta kai tsakiya ta tsaya cak. Shafin da marigayin ya yi gargaɗi cewa in aka sa ƙananan bututu ruwan damina zai koma kan gidajen talakawan da ke bayan katangar unguwar, babu shi a kwafin Yanuar. Sunan marigayin ma an goge daga ƙasan zane-zanen.

Ta gangara ƙarshe. Hoto ne ya cika allon: Pak Sutikno a gadon asibiti, ya rame, robar iska a hancinsa, yana ƙoƙarin murmushi. A ƙasa an rubuta, "Burinsa na ƙarshe."

Ta gane ranar. Tare suka je dubiya, Yanuar ya ce zai ɗauki hoton ne don 'yan ofis su yi masa addu'a.

"Mas Yanuar, mene ne wannan?" in ji ta, da laƙabin girmamawa irin na garin.

Ya gangaro da kujerarsa yana cin awara da barkono, ya nuna hoton da yatsa mai maiƙo har ya bar tabo a allon.

"Ya yi kyau, ko? Haba Mbak Laras, kada ki ɓata fuska. Masu ginin nan ma mutane ne, suna gani zuciyarsu za ta karye, su sa hannu."

"Ka cire gargaɗinsa."

"Manyan bututu sun yi musu tsada. In kika bar shafin nan a ciki, sai su tafi wani kamfanin."

"Matarsa ta san da hoton?"

"Tana takaba, zan dame ta da maganar hoto?" Ya lashe yatsa.

Larasati ta mayar da gargaɗin da sunan, ta goge hoton, ta aika wa shugabarsu, Bu Endang, kwafin da ta haɗa. Da la'asar Bu Endang ta leƙo, ta dafa mata kafaɗa.

"Sannu da ƙoƙari, 'yata. Amma na Yanuar ya fi taɓa zuciya. Da shi za mu tafi."

Washegari a ɗakin taron, aikin Larasati shi ne latsa maɓalli in Yanuar ya ɗaga mata gira. Shafi na bin shafi. Da majigi ya haska fuskar marigayin a bango, Yanuar ya sunkuyar da kai, muryarsa ta sarƙe daidai inda ta ji shi yana gwadawa a mota. Babban baƙo a cikin masu ginin, mai rigar batik mai zane-zane, ya cire tabarau yana share ido.

Yawu mai ɗaci ya taru a bakin Larasati, ta rasa inda za ta tofar, ta haɗiye.

Bayan an sa hannu, babban baƙon ya riƙe hannunta da hannayensa biyu.

"Allah ya jiƙansa," in ji shi. "Yaya ma sunansa?"