Goyon Bouba

"Umma, Bouba ɗan Kamaru ne ko ɗanmu ne?"

Raliya ce ke tambayar uwarta. Uwar, Sakinatu, na riƙe da gwangwanin koren fenti, mijinta Musbahu na kan benci yana rubuta NIGERIA a ƙofar shagonsu da ke unguwar Nkembo, a ƙasar Gabon. Tun jiya da aka ce an doki 'yan ƙwallon Gabon a Duwala ta Kamaru, samari suka bazu cikin gari suna fasa shagunan 'yan Kamaru.

"Ai ke kika ce nononki ya sha."

Haka ne. Bara zazzaɓi ya kwantar da maƙwabciyarsu Ni'imatu uwar Bouba, 'yar Garwa ta Kamaru, daidai lokacin da jaririn Sakinatu ya koma. Sakinatu ce ta shayar da Bouba har uwarsa ta miƙe.

Fentin bai bushe ba Ni'imatu ta shigo ta ƙofar baya, ƙafarta ba takalmi, yaron na kafaɗarta.

"Maman Raliya, maigidana Hamadou bai dawo daga kasuwa ba. Riƙe min shi in duba. A bayanki ba mai taɓa shi."

Musbahu ya sauko daga bencin. "Ni'imatu, ki yi wa Allah. Mu ma baƙi ne. Su 'yan ƙasa rijiyar mai suke taƙama da ita, mu wannan ƙofar kaɗai gare mu."

"Baban Raliya, ɗanka ne fa," in ji Sakinatu. "Ko Raliya ba ta auruwa gare shi."

"Je ki yi wa masu adda wannan fatawar."

Ta ajiye gwangwanin, ta karɓi yaron ta goya, ta ƙara majanyi. Ni'imatu ta shafa kansa ta fita.

Da hantsi samarin suka iso. Ɗaya ya karanta rubutun da ƙarfi, sauran suka yi dariya, wai baƙo ai baƙo ne. Suka kwashi kwalin madara da rediyon Musbahu, amma ba su fasa komai ba. Ba wanda ya kalli goyon.

Bayan azahar ɗan'uwan Musbahu, Ubale, ya shigo yana haki. Jandarma na kwashe 'yan Kamaru a manyan motoci zuwa filin jirgi, wai don a tsare rayukansu. Ya ga Ni'imatu a cikin wadda ke tsaye bakin titi.

Sakinatu ta fita da gudu, yaron na jijjiga a bayanta. Ta hango Ni'imatu a matse cikin mata, ta zuro hannuwa ta tsakanin katakon motar tana kiran sunan ɗanta. Wani jandarma ya tare Sakinatu da bindiga a gicciye, ya ce ta nuna katin zama. Ta ciro daga ƙullin zaninta.

"Nijeriya. Koma gida, ba motarku ba ce."

"Yaron nata ne! Ga uwarsa can!"

Ya dubi goyon. Bouba ya firgita da ihun, ya ƙanƙame rigarta yana kiran Umma, yadda ya ji Raliya na kiranta. Jandarman ya yi tsaki.

"Kowa so yake ya tura ɗansa jirgin banza. Matsa."

Motar ta tashi.

A gida Musbahu ya dube ta, ya dubi yaron, ya juya ya ci gaba da gyara kantar shagon. Raliya ta jawo kwanon shinkafarta ta zauna tana kallon Bouba.

"To yanzu namu ne ko?"

Sakinatu ta kwance majanyin. Garwa kawai ta sani. Ba ta taɓa tambayar unguwa ba, balle sunan mahaifin Ni'imatu.

Ke da ke zaune a ƙasar mutane da yara ƙanana, in irin wannan rana ta zo, kada ki karɓi ɗan kowa, kada ki ba kowa naki, ko da uwarku ɗaya. Ki ɗaure shi a bayanki, ki ƙulle majanyin da kyau. Duk motar da za a jefa ki, a jefa ku tare.