Agarar Sodangi

Sabuwa ba ta yarda da ciwon da zai warke da kansa ba. A ganinta, duk gudawar da aka bari ba a sha mata magani ba, raini ne ga masu ilimi. Shi kuwa ɗanta Sodangi, da ya haɗiyi ƙwaya gara ya haɗiyi tsakuwa.

Sodangi ne gwanin gudun ƙauyensu, kusa da Wad Haddad. Kullum da safe yana bin gefen tur'a, babbar hanyar ruwan gonaki, har jakuna sun daina ɗaga kai. Ana saura kwanaki kaɗan a yi tseren da za a zaɓi masu zuwa gasar Madani, sai cikinsa ya ɗan ɓaci.

"Sha wannan," in ji Sabuwa, ta miƙo masa ragowar sifro, maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka rubuta wa ƙanenta bara.

"Yumma, ruwan tur'a na sha, gobe za ya wuce."

Ya wuce ɗin kuwa, amma uwa ba ta jiran gobe. Ta daka ƙwayoyin, ta riƙa zuba masa a jabana, gahawar da yake sha safe da yamma, ta cika citta don ɓoye ɗacin. Da ya fara kukan dunduniya na masa tsami, sai ta ƙara yawan garin, tunda ga alama ciwon ya gangara ƙafa.

Ranar tseren yana gaba, ya ba na biyu rata mai kyau, sai ya ji kamar an jefe shi da dutse a bayan ƙafa. Har ya waiga neman mai jifan kafin ya faɗi.

A asibitin Hasahisa likita ya matsa sha-raɓarsa, ƙafar ba ta motsa ba.

"Agara ta tsinke. Ka sha sifro kwanan nan? Yakan raunana jijiyar wasu, balle masu gudu."

"Abadan, ya daktor! Ga ta nan, ta matsa mani, na ƙiya."

"Ka kyauta," in ji likita, ya dubi Sabuwa yana murmushi. "Ya Hajja, yau ɗa ya fi uwa gaskiya. To sai mu ce ƙaddara."

"Gudun fa?" Sodangi ya tambaya.

"Mu fara da tafiya tukuna."

Sabuwa, wadda ba a taɓa kayar da ita a gardama ba, wannan karon ta sallama. Tsoro da nadama suka cika ta, ta tallafe shi suka fita.

A mota ya jingina kansa a kafaɗarta kamar yaro. Ya lissafa mata duk waɗanda yake zargin sun yi masa baki, har da amininsa Bilyamin da ya ci tseren, ya rantse ba zai sake gaishe shi ba.

"Kowa na iya cuta ta, Yumma, ban da ke," ya ce. "In mun isa gida ki haɗa mani jabanar nan taki mai ɗaci. Ita ɗai nika marmari."