Saura Tsarki Ɗaya

Saura kwana uku Hamdiyya ta tashi zuwa Turai wajen mijinta, sai Malama Batula, wadda suke koyarwa a firamare ɗaya a Dutsin-Ma, ta zo gidansu bayan la'asar don ta yi mata gwaji. Batula ba ta taɓa hawa jirgi ba, amma yayanta ya taɓa, kuma ta haddace duk tambayoyin da ya ce jami'an shige da fice suna yi. Ta jawo kujera zuwa gindin dalbejiya, ta sauko da tabarau kan hanci, ta tamke fuska.

"Madam, fasfo."

Hamdiyya ta miƙa mata koren fayil. Komai a jere yake kamar rajistar aji: fasfo mai ɗauke da bizar aure, takardar shaidar aure, hotunan biki, sakamakon gwajin tarin fuka, sai adireshi da lambar waya.

"Sunan mijinki?"

"Ai ga shi nan a rubuce."

"Na ce ki faɗa da bakinki."

Hamdiyya ta rufe fuska da mayafi tana dariya.

"Ji min yarinya! Bature ne zai tsaya jiran kunyarki? Ce Yazid. Ya-zid. Harshenki ba zai guntule ba."

Shekara biyu da rabi da ɗaura musu aure, Hamdiyya ba ta taɓa kiran sunan nan a gaban mutane ba. Wata huɗu kacal suka zauna tare a gidan su Yazid na Kurfi, sai ya samu aiki a ɗakin gwaje-gwajen wani asibiti a Turai. Ta dawo gaban iyayenta tana koyarwa, tana jiran takardu. Biza ta fito, ya sayi tikiti, ta ajiye aiki. Daga nan sai kiran wayarsa ya fara ja baya, har ya tsaya cak wajen wata biyu. Ta kai kuka wurin mahaifinta, Malam Sirajuddeen, mai makarantar allo da masallacin unguwa. Ya ce ya yi magana da Alhaji Abdulmumin, kawun Yazid wanda ya yi masa wakilci a ɗaurin aure, aiki ne ya yi wa yaron yawa, ranar tafiya tana nan. Maganar Malam ba a maimaita ta, don haka ta kwantar da hankalinta.

Mahaifiyarta, Inno, tana gefe tana ƙulla kuka da daddawa a leda. Ba ta shiga dariyar ba. Da Batula ta tafi, ta matso kusa.

"Hamdiyya, yaushe kika yi wankan tsarki?"

"Yau kwana goma sha tara, Inno. Kin tambaye ni wancan watan ma, har sau biyu."

"Saboda tafiya ne. Mace ba ta hawa hanya ba ta san kwanakinta ba."

Ranar tafiya da hantsi, Malam ya kira ta zaure. Ya yi mata addu'a mai tsawo, sannan ya zaro farin ambulan a liƙe daga ƙarƙashin buzunsa.

"Wannan na mijinki ne, hannu da hannu. Kada ki ba shi a filin jirgi. Ki bari sai kun shiga gida, ya zauna, kin kawo masa ruwa ya sha."

"To, Baba."

Ta sa ambulan a can ƙarshen fayil, bayan adireshi.

Washegari da safe jirginsu ya sauka. Ta bi mutane ta wani dogon lungu mai sanyi har zuwa inda layi ya rabu biyu, na 'yan ƙasa da na baƙi. Da layi ya zo kanta, ta tarar da wata jami'a mai furfura a bayan gilashi. Matar ta duba fasfo, ta dubi fuskarta, ta sa ta ɗora yatsu a kan wata na'ura mai koren haske. Ta tambaye ta wa ta zo wurinsa. Hamdiyya ta ce, "Yazid Usaini," har ta ji daɗi a ranta, ta ce sai ta ba Batula labari. Aka tambaye ta ranar aure, ta faɗa. Aka tambayi aikinsa da adireshinsa, ta faɗa ba ta ko duba takarda ba.

Jami'ar ta daɗe tana kallon kwamfuta. Ba ta buga hatimi ba. Ta sa fasfon a wata jar jaka, ta kira wani abokin aikinta, ya yi wa Hamdiyya jagora zuwa wani ɗaki mai kujerun roba.

Ta yi kusan awa biyu a zaune. Aka kawo akwatinta aka buɗe a gabanta, aka shinshina daddawar Inno aka mayar. Sannan jami'ar nan mai furfura ta shiga da ita wani ƙaramin ofis, ta ba ta ruwa a kofin takarda, ta ce za a yi mata tambayoyi a rubuce, kuma tana da damar a nemo mata tafinta. Turancin matar yana da sauri, sai Hamdiyya ta ce tana so. Aka danna wayar da ke kan tebur, wata murya ta namiji ta fito.

"Salamu alaikum, Hajiya. Ni ne tafinta. Duk abin da kika ce shi zan faɗa, ba ƙari ba ragi. Daga wane gari?"

"Dutsin-Ma."

"Ah, ashe ta gida ce. Ni mutumin Maraɗi ne. Ki saki jikinki."

Tambayoyin suka fara. Yaushe ta yi magana da mijinta ta ƙarshe? Ta ce wata biyu. Ya san yau za ta sauka? Ta ce ta tura masa lambar jirgi, kuma iyaye sun yi magana. Akwai wata matsala a tsakaninsu? Ta ce babu. Jami'ar ta rubuta, sannan ta buɗe fayil tana bin takardun ɗaya bayan ɗaya, har ta kai ga farin ambulan.

"Tana tambaya, mene ne wannan?"

"Wasiƙar mahaifina ce zuwa ga mai gidana."

"Kin san abin da ke ciki?"

"A'a. Ba tawa ba ce."

Jami'ar ta nemi izini ta buɗe. Takarda biyu ne a ciki, ɗaya a naɗe cikin ɗaya. Ta sama rubutun Malam ne da tawada, cikin ajami. Matar ta juya ta sama da ƙasa, ta yi wa wayar magana.

"Hajiya, ni ba na ganin takardar daga nan. Ta ce ko za ki karanta a hankali, ni kuma in fassara mata?"

Hamdiyya ta karɓa. Tun tana shekara bakwai take karanta hannun Malam. Ta gyara zama, ta fara kamar yadda take karanta wa 'yan aji huɗu, tana tsayawa a ƙarshen kowace jimla don tafinta ya bi ta.

"Bayan gaisuwa da fatan alheri zuwa ga ɗana Yazid. Takardarka ta iso hannuna ta wajen kawunka Alhaji Abdulmumin. Na karanta, na ga saki ɗaya ne."

Ta tsaya. Mutumin ya fassara da murya ƙasa ƙasa. Hamdiyya ta sake duba layin. Ba ta yi kuskure ba. Bakinta ya ci gaba da kansa.

"Ban nuna mata ba, kuma ba ta san komai ba. Ni da kawunka mun ga cewa nisa ne ya kawo wannan, idan ka gan ta a ɗakinka zuciyarka za ta sauko. Mahaifiyarta ta tabbatar mini saura mata tsarki ɗaya idda ta cika, don haka ƙofar kome a buɗe take. Ga takardarka na mayar maka. Ka yaga ta, kada ta taɓa sanin..."

"Hajiya," tafinta ya katse ta, "ta ce ya isa. Ba sai kin ƙarasa ba."

Ta ƙarasa a zuci. Sannan ta warware ta biyun. Layi uku ne da biro, da sa hannun Yazid da kwanan wata.

Jami'ar ta yi bayani a hankali, tafinta yana bin ta. Mako bakwai da suka wuce mijin ya sanar da hukumarsu cewa auren ya ƙare. Bizar a kan auren take tsaye, saboda haka an soke ta. Ba za ta shiga ƙasar ba. Ba a tuhumarta da ƙarya, za a rubuta cewa ba ta sani ba. Za ta sa hannu a takarda, a mayar da ita a jirgin gobe. Sun kira shi ɗazu, yana kan ɗaya layin, idan tana son magana da shi.

Ta ɗauki kan wayar.

"Hamdiyya? Wallahi na zaci kin sani. Malam ya ce in bar masa, shi zai gaya miki."

"Ka ga saƙonnina?"

"Na gani."

"Har wanda na turo maka lambar jirgi?"

"Na kira Kawu na ce kada a bari ki taho."

"Lambata ta ɓace maka ne?"

Ya fara kame-kame, ta katse shi.

"Me na yi maka?"

"Ba ki yi komai ba. Na daɗe a nan ne, na saba da zama ni kaɗai. Ban san yadda zan faɗa miki ba."

Ta ajiye wayar a hankali, ta sa hannu inda aka nuna mata. Ta roƙi a bar mata takardun biyu. Aka ɗauki hotonsu aka mayar mata.

Kwana biyu bayan haka, da azahar, motar haya ta sauke ta a ƙofar gidansu. Labari ya riga ta isowa. Malam yana zaure shi da Alhaji Abdulmumin, wanda ya taho daga Kurfi tun da safe. Ta durƙusa ta gaishe su kamar yadda ta saba.

"Sannu da hanya, 'yata," in ji Alhaji. "Ai Turawan nan ne suka ɓata mana shiri. Ina ruwansu da wasiƙar mutane? Da sun bar ki kin shiga, da yanzu magana ta wuce."

"Alheri muka nufa," in ji Malam, idonsa a kan carbi. "Haka na yi wa 'yar Malam Sabitu, ga ta can Wurma da 'ya'ya biyar. Har gobe ba ta san an taɓa rubuta mata takarda ba."

"Baba, ni a gaban baƙi na karanta tawa. Da bakina."

Malam bai ɗago ba. Can ya miƙo hannu.

"Kawo takardar. Alhaji zai sake kiransa yau. Akwai sauran lokaci."

"Takardar tawa ce, Baba. Sunana ne a kai."

Ba ta taɓa hana shi wani abu ba. Hannunsa ya daɗe a miƙe kafin ya janye shi. Ta tashi ta shige cikin gida.

Inno tana tsaye a bakin madafi, idonta ya yi ja. Ta karɓi akwatin, ta shimfiɗa tabarma, ta kawo fura. Sannan ta ɗebo ruwa a buta ta ajiye kusa da ƙafar 'yarta.

"Tashi ki yi azahar, kya ji sanyi a ranki."

Hamdiyya ta dubi butar, ta dubi mahaifiyarta.

"Sau uku kika tambaye ni kwanakina, Inno. Ina ba ki amsa, ina jin daɗi wai kina kula da ni."

"Malam ne ya ce..."

"To ga ta huɗu, ba sai kin tambaya ba. Tun a ɗakin da suka ajiye ni na ga jini, na ajiye salla. Ki je zaure ki gaya musu su daina lissafi. Idda ta cika."

Inno ta zauna a kan turmi, ta riƙe baki. Hamdiyya ta buɗe koren fayil a kan cinyarta. Ta cire hotunan biki da adireshin ta ajiye a gefe, ta miƙe takardar mai layi uku da tafin hannu, ta sa ta a sama, ta rufe.