'Ya'yan Farin Meskiten Doña Eufemia

"Ki sake duba min, Chabela," in ji Doña Eufemia daga kan gadonta.

Karo na uku ke nan tun safe. Na fita tsakar gidanta, na tsinko ɗaya daga 'ya'yan bishiyarta ta meskite, masu kama da kwanson wake, na lanƙwasa shi. Ya lanƙwasu bai karye ba.

"Da saura," na ce mata ta taga.

"Hadarin fa?"

"Yana can bayan dutse."

Tsohuwar nan maƙwabciyata ce tun da na zo ƙauyen, kuma ban taɓa ganin mai taurin kai irinta a duk jihar Sonora ba. A kashin saniya ta tsinci irin bishiyar ya tsiro. Shekara shida tana yi mata rowar ruwa, bokiti ɗaya a wata, wai don saiwa ta nutsa ƙasa ta nemi nata. Bana ta yi 'ya'yan fari, bana kuma likita ya sallamo mai ita ya ce a kai ta gida. Burinta ɗaya, ta sha kunun 'ya'yan bishiyarta. Sai sun bushe a kan reshe ake tsinka, in kuwa ruwan sama ya riga taɓa su, sun yi fumfuna, sai dai awaki.

Kwana huɗu ban zauna ba. In duba sama, in duba bishiya, in duba numfashinta. Ran Laraba tsoro ya kama ni, na zaga bayan coci na tsinko na wata tsohuwar bishiya da suka riga suka bushe. Na daka, na tankaɗe, na dama.

Cokali ɗaya ta kurɓa, ta kawar da kai.

"Na bayan coci ne. Ga ɗacinsa nan a maƙogwaro."

"Haba Doña, naki ne."

"Ke ko ƙarya ba ki iya ba. Tun ina yarinya na san bishiyar nan, ko jaki sai ya yi tunani kafin ya ci."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan ajiye kwanon.

Ran Juma'a da rana iska ta juya, ƙanshin ruwa ya cika gari. Na ruga na girgiza reshe, na ji ƙwayoyin suna kaɗawa a cikin 'ya'yan. Na karya ɗaya, ƙas! Na jefa a baki, zaƙi ya cika min harshe. Na dinga zuba su a zanena, ƙaya na yagar hannuna, ina ƙwala mata kira.

"Doña! Sun yi! Wallahi kamar zuma!"

Ba ta amsa ba. Na shiga na same ta fuskarta na kallon taga, bakinta a ɗan buɗe, babu numfashi. Na zauna a bakin gadon da zanen cike a cinyata, ban haɗiye na bakina ba, har ruwa ya fara sauka a kan kwanon ɗakin.